Silallan Kwata da Littafin Baba

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, mu biyar Allah ya raya. An haife ni a cikin birnin Kano, a wani lungu da ba shi da nisa da rafin Jakara, shekara guda bayan an bar fam da sule an koma naira da kwabo. A farkon 1973 aka yi canjin, amma har na yi wayo kwabo biyar sisi muke ce masa, kwabo goma sule, naira biyu fam guda. Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne. Yana da kekensa Raleigh, wani makon ya yi aikin safe, wani makon na kwana, ya dawo da burbushin auduga a gira da cikin hanci. Ba masu hali ba ne mu, amma ban san ana kwana da yunwa ba sai da na kai aji huɗu a firamare.

Tun kafin nan ina tsintar kuɗi, don babu yaron zamaninmu da bai yi ba. Wasa ne. Kuna tafiya makarantar allo wani ya hango abu yana ƙyalli, sai ya yi wuf ya take da ƙafa ya tsaya yana kallon sama, wai kada a gane. In an gane kuwa sai a rufe shi da "a raba, a raba". Mun san silallan nan ciki da bai. Kwabo ja ne, da hoton ƙarafan haƙar mai. Sisi fari ne ƙarami, sule yana da itatuwan kwakwar manja. Babbansu shi ne kwabo ashirin da biyar, sule biyu da sisi, mai hoton dalar gyaɗa. Mu da muka taso a Kano ba mu tarar da dalar gyaɗar a tsaye ba, sai dai a jikin kuɗin muka san ta. Wani lokaci ka haƙo tsohon kwabo mai huji na zamanin Turawa, wanda ba ya sayen komai, sai ka zura masa zare ka rataya wa ƙaninka.

Akwai kuma wanda ba a taɓawa. Kuɗin da aka gani a mararraba tare da ƙwai ko gero ko farin ƙyalle, iyaye sun ce a bar shi, wani ne ya yar da cutarsa. Sai mu kewaye shi muna haɗiyar yawu. Ƙarshenta dai akan sami mai ƙarfin hali ya yi bisimilla ya ɗauke, mu kuma mu yi kwanaki muna jiran mu ga ko bakinsa zai karkace.

A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Masaƙu suka fara rasa kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake shigowa da su daga waje, aka shiga rage ma'aikata rukuni-rukuni. Wajen ƙarshen 1983 abin ya zo kan Baba. Ya dawo da rana tsaka, lokacin da bai saba dawowa ba, ya jingine keken a zaure ya shiga ɗaki. A ranar ƙarshe ta shekarar soja suka karɓi mulki. Sai layin madara da sukari da shinkafa, soja na tsaye da bulala. Ga shi damina ba ta yi kyau ba, 'yan'uwan da suka saba aiko mana da damin gero daga ƙauye sai ga su da kansu sun zo cin rani. Aka sayar da keken. Tarin da Baba yake yi jefi-jefi tun yana aiki ya zauna masa a ƙirji, ya fara ramewa, har fita neman aikin ma ta gagare shi.

Inna tana cikin kulle, ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. Ta kama ɗinkin hula da surfe da wankau. Mai bi na, yarinya 'yar shekara takwas, aka ɗora mata tallan ƙuli-ƙuli.

Ranar da tsintuwa ta tashi daga wasa ta koma aiki ina riƙe da ita. A watan Afrilun 1984 gwamnati ta canza launin takardun kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba da kwanaki ƙalilan kowa ya kai tsofaffin banki. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma 'yan kasuwa sun fara ƙin karɓa tun wa'adi bai cika ba. Silalla ne kaɗai ba a taɓa ba. A 'yan makonnin nan mai sule goma a aljihu ya fi mai riƙe da takardar Murtala ta naira ashirin kwanciyar hankali. Inna tana da naira guda ta takarda, kuɗin hula, ta aike ni da ita wurin mai gari ya ƙi, mai shinkafa ya ƙi, na dawo da ita a hannu. Har azahar ba a ɗora tukunya ba, auta yana ta kuka. Sai na tuna da gwangwanin madarar da nake ɓoyewa a bayan randa. Na ɗauko na zazzage a kan tabarma. Inna ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta sa yatsa ta ware su, jajaye gefe, farare gefe. Ba ta tambaye ni inda na samo ba. Cewa kawai ta yi, "Kai wannan, je ka auno gari, ka biya ka sayo kuka da daddawa." Da yake ni ɗan fari ne ba ta faɗin sunana.

A daren na kasa barci don daɗi. Yaro ɗan shekara goma ya ga tuwon da kowa ke ci daga gwangwaninsa ya fito. Washegari tun kafin a sallame sallar asuba na fita.

Wanda bai yi ba zai zaci sa'a ce. Akwai sa'a, amma mafi yawa sanin wuri ne da sanin lokaci. Wuri na farko dandali ne, inda 'yan mata ke zama da dare da farantansu da fitilar aci-balbal, samari na kewaye da su. Hasken ba shi da ƙarfi, hankali kuma yana wani wajen, duk abin da ya faɗi cikin rairayi ya tafi ke nan. Nakan zo da wata tsohuwar rariya da Inna ta yar, in durƙusa in ɗebi ƙasar wurin ina tankaɗewa kamar mai tankaɗen garin tuwo. Ɓawon gyaɗa ya tsaya, murfin kwalba ya tsaya, can sai ka ji wannan ƙara ta daban a kan wayar rariyar. Daga nan sai ƙarƙashin bencin mai shayi kafin ya fito, sai bakin famfon unguwa, sai tashar kiya-kiya inda kwandasta ke miƙa canji mota na tafiya. Filin Idi bayan an watse yana da albarka, haka hanyar da hawan Sallah ya bi, haka ƙofar gidan biki inda aka yi kiɗan kalangu, don a lokacin da silalla ake liƙi, a manna wa mai rawa a goshi ya zame ya faɗi.

Amma babbar gonar ita ce kwata bayan ruwan sama. Duk abin da ya ɓace a lungunan birni da Kasuwar Kurmi, ruwa yana kwaso shi ya nufi Jakara da shi. Takarda da kara da tsumma suna wucewa a sama. Kuɗi yana da nauyi, ba ya tafiya da nisa, yana kwanciya inda ruwa ya rage gudu: a kwana, a bayan dutse, a bakin kwalbati, tare da yashi da ƙusoshi da fasassun kwalabe. Sai ka naɗe wando ka shiga, ka zura hannu har gwiwar hannu cikin baƙin taɓo, ka laluba. Ido ba shi da amfani a wurin, yatsa ne ke gani. Da na taɓa gefen abu na san ko sule ne ko murfin lemo. Wani abokina ya taɓa ciro mayen ƙarfe daga lalatacciyar rediyo ya ɗaura masa igiya, muka ce mun huta da shiga ruwa. Ƙusa da gwangwani kawai ya kamo mana. Silallan wancan zamani tagulla ce da garwayenta, mayen ƙarfe ba ya kama su.

Kuɗin kwata baƙi ƙirin yake fitowa, wani da kore-kore, ga wari. Haka ba wanda zai karɓa. Inna ta ware wata tsohuwar tasa don su kaɗai. Ta jiƙa su da tsamiya, ta goge da toka, ta ɗauraye sau uku, ta shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su leƙo ba. Wanda ya shafe har ba a ganin hotonsa akan cusa shi a tsakiyar masu kyau, a aiki ƙanwata da shi da magariba wurin wanda idonsa ba ya gani sosai. Allah ya yafe mana. Kuma ba a kai su wuri ɗaya kullum, yau wannan mai koko, gobe waccan.

A makaranta na zama mai makara. Bulalar ba ta dame ni ba irin yadda warin ya dame ni. Duk yadda na cuɗa da sabulun salo, akwai abin da ke maƙalewa a ƙarƙashin farce. Wanda muke zama benci ɗaya ya fara matsawa. Daga baya wani ya gan ni a cikin kwata, suna ya bi ni har na bar makarantar, sunan da ko yanzu ba na son rubuta shi. Na daina ɗaga hannu a aji don kada malami ya matso kusa da ni. Inna ba ta taɓa ce mini sannu ba, kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ba. Sai dai in na ɗaga kwanona da dare in tarar an tura mini ƙanzo a ƙarƙashin tuwon, wanda sauran ba su samu ba.

Duk wannan Baba bai sani ba. Yana kwance yana zaton kokon da ake kawo masa da safe da maganin tarin da ake saya ɗai-ɗai daga ɗinkin hula suke fitowa. Mun ɓoye masa fiye da rabin shekara. Abin da ya tona mu kwalba ce da ta tsarge mini tafin ƙafa. Na ɗaure da tsumma na yi shiru, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ya rarrafo ya kwance tsumman da kansa, ya shinshina, ya dubi farcena. Sannan ya ce wa Inna ta kawo masa tasar nan da yake jin ƙararta kullum da hantsi. Ashe yana ji.

Ya daɗe yana juya wani sule a hannunsa. Na jira faɗa, bai yi ba.

"Na wa ne wannan?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Baba. Tsinta na yi."

Ya ce, "Babu kuɗin da ba na kowa ba. Akwai dai wanda ba a san mai shi ba."

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, da me kake so in ba su?" Ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba sai ran nan. Bai amsa ba. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka tarin ne.

Da na ji sauƙi ya aike ni na kira malaminmu na makarantar allo. Malam ya saurara ya ce abu ƙanƙani da mai shi ba zai dawo nema ba, babu laifi wanda ya tsinta ya amfana da shi. Ya kawo hadisin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga dabino guda a kan hanya ya ce ba don tsoron kada ya zama na sadaka ba ne da ya ci. Ya ce abu mai daraja shi ne ake cigiya har shekara. Baba ya yi godiya, ya ce ya karɓi hukunci. Amma bayan Malam ya fita sai ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sisi a wurin Alhajin Kurmi ba komai ba ne, in ji shi, amma a wurin yarinyar da za ta koma gida ciniki bai cika ba, duka ne. Ya nuna ƙanwata ya ce, "Ko ba a taɓa dukan wannan a kan sisi ba?" An taɓa. Ni ma na sani.

Sai ya kafa doka biyu. Ta farko, ya ciro wani ƙaramin littafi mai jan bango da yake rubuta awannin ƙarin aiki a masaƙa, ya ce duk abin da na shigo da shi in zo gabansa a ƙirga a rubuta, da rana da wurin da aka samu. Bashi ne, in Allah ya ba shi lafiya zai fitar da shi sadaka da niyyar masu shi. Ta biyu, ya hana ni dandali da bakin famfo. Ya ce kuɗin kwata ba a san mai shi ba, amma na dandali kowa ya san na 'yan talla ne, in na tsinta in ajiye in mayar da daddare.

Dokar nan ta biyu ta ci mu. Dandali shi ne wurin da ba ya ƙarewa, rani da damina, kuma babu kwalba babu wari. Da aka cire shi, a watannin rani akwai ranakun da nake yawo tun asuba in dawo da kwabo uku. Na ji haushin Baba, haushi na gaske. Nakan ce a raina shi yana kwance yana tsare mutuncinsa, mu muna biya da cikinmu. Yanzu na haifa, na kuma aurar, amma har yau ban gama yanke wa maganar hukunci ba. Wata rana in ga gaskiyarsa ƙarara. Wata rana in tuna kukan auta in ce ai lalura tana halatta abin da ya fi wannan, kuma Malam da kansa ya ba da dama. Abin da na tabbatar kawai shi ne mutumin da aka raba da aikinsa da kekensa da ƙarfin jikinsa, littafin nan ne kaɗai wurin da ya rage masa yana maigida. In na durƙusa gabansa yana ƙirga, "sule, sule da sisi, sule biyu", muryarsa takan dawo irin ta da.

A 1985 aka ƙaddamar da tsaftar muhalli cikin shirin yaƙi da rashin ɗa'a, aka tilasta wa kowa fitowa yashe kwatar ƙofar gidansa. Manya suna tsaki, ni kuwa kakata ce ta yanke saƙa. Taɓon shekara da shekaru aka tsamo aka jibge a gefen titi, ya kwana biyu yana bushewa kafin motar kwasa ta zo, in ma ta zo. Shafukan wannan lokacin su ne suka fi cika a littafin.

A cikin irin wannan juji ne na tsinci ƙullin tsumma, na kwance na ga takardun kuɗi a nannaɗe, sun jiƙe amma ba su lalace ba. Sun kai kuɗin allurar da aka rubuta wa Baba muka kasa saya, har da saura. Na kai gida ina rawar jiki. Ko ƙirgawa bai yi ba ya ce in kai wa mai unguwa. Aka yi cigiya a masallatai. Mai kuɗin ya zo, wani dattijo, ya faɗi kamannin tsumman daidai, ya ƙirga, sannan ya ce ai da sauran naira biyu. Mai unguwa ya yi masa tatas, ya soke kuɗinsa a aljihu ya tafi. Ko "Allah ya yi albarka" ban samu ba. Na faɗi wannan ne don masu ba yara labarin cewa duk wanda ya mayar da tsintuwa ana ba shi tukwici. Wani lokaci ana bayarwa. Ni dai da zargi na dawo gida, kuma allurar ba a saye ta ba.

Baba ya rasu da daminar 1986. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. A shekarar ce gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, darajar naira ta fara zubewa, abin da sule ke saya jiya ya koma sai sule biyu. Na gama aji shida ban ci gaba ba. Littafin kuwa Inna ta naɗe shi a cikin tsohon zanenta ta sa a ƙasan adaka, ba mu ƙara rubuta komai ba, don babu wanda za a durƙusa wa.

Na ci gaba da yawona, har ranar da na kusa rasa raina a Kurmi. Na hango sule a gindin wata rumfa na sunkuya, sai na ji an damƙi wuyan rigata an ce "ɓarawo". Wanda ya san kasuwa ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma. Kafin in buɗe baki mari ya sauka ta ko'ina. Wani tsoho mai goro da ke rumfar gaba ne ya ratsa ya rungume ni, yana cewa, "Ku bar shi, na san shi, shekara biyu ina ganinsa, ƙasa yake duba ba aljihu ba." Ban taɓa sanin akwai mai lura da ni ba. Ya zaunar da ni ya ba ni ruwa, ya tambayi gidanmu. Da ya ji, sai ya turo mini ƙwaryar cinikinsa ya ce in ware masa. Na ware kafin ya gama ɓare goro guda, na jera su naira-naira, na fitar masa da shafaffu biyu da wani na ƙasar waje da aka cusa masa. Ya yi dariya ya ce, "Gobe ka zo da wuri, ɗana." Baba nake ce masa har ya bar duniya.

A rumfarsa nake lokacin da aka fito da sababbin silalla a 1991, aka mayar da sule biyar da naira guda na ƙarfe, nairar da hoton Herbert Macaulay. Waɗannan ƙarfe ne aka shafe, mayen ƙarfe yana kama su tsaf. Na gwada don in gani, na yi dariya ni kaɗai. Dabarar abokina ta yi aiki, sai dai ta zo lokacin da abin da za ta kamo bai kai a shiga kwata dominsa ba. Kafin shekarun nan su ƙare mutane sun daina karɓar silalla, maƙera suka koma narka tsofaffin suna zobe da awarwaro. A 2007 Babban Banki ya sake gwadawa da sule biyar da naira ɗaya da naira biyu, ko mabarata ba su karɓa ba.

Daga goro wani abokin cinikin tsohon ya ɗauke ni zuwa Kantin Kwari, na yi shekaru ina yaron shago, yau ina da nawa ɗan teburin, alhamdu lillahi. Atamfar da nake sayarwa kusan duk daga Sin take zuwa. Ɗan ma'aikacin masaƙa ke nan. Wani lokaci in na ɗaga bandir nakan tuna audugar da ke girar Baba.

Abu ɗaya bai bar ni ba: ba na iya tafiya kaina a ɗage. Idona yana ƙasa, yana bin gefen kwata, ko a cikin filin jirgi ne. Lokacin neman aurena surukina ya yi ta yabona a wurin mutane, wai yaron nan akwai kunya, ko ido ba ya haɗawa da manya. Sai da muka shekara da aure na gaya wa maiɗakina gaskiyar magana, ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba.

Yaran da ke cikin halin da na shiga ba su ƙare ba, ƙaruwa ma suka yi. Bambancin shi ne yanzu babu abin tsinta. Ƙaramar takardar kuɗi ba ta nutsewa ta jira ka a bakin kwalbati, kuma rabin cinikin gari ya koma ta waya. Su ne kuke gani da buhu a kafaɗa da mayen ƙarfe a igiya suna jan sa cikin bola, 'yan jari-bola, suna tara ƙusa da gwangwani a auna musu a kilo. Ni nakan wanke abin da na samo in kai wa mai koko kai tsaye. Su sai sun bi ta hannun mai sikeli, shi ke yanka farashi. Na san a cikinsu akwai masu ɗauke tukunyar mutane da murfin kwalbati, ba na musu. Amma kafin ka ɗaga murya ka kira yaro ɓarawo a cikin taro, ka dubi inda idonsa yake kallo. Kuma in a gidan maƙwabcinka akwai magidanci a kwance, hayaƙi kuma yana tashi kullum, ka bincika a hankali wa ke kawo cefanen. Sau da yawa wani ne da bai kai shekara goma sha biyu ba.

Da Inna ta rasu, Allah ya gafarta mata, ƙannena mata suna raba kayan adakarta suka ci karo da littafin suka miƙo mini. Rubutun Baba ne da ajami, yana farawa da kyau yana ƙarewa da karkarwa: Talata, bakin kwalbati, sule uku da kwabo biyu. Na zauna na haɗa lissafin, ya kama naira tamanin da 'yan kai. Bashin da ya ce zai biya in ya warke ke nan, ya kuwa faɗo kaina. Sai dai in na ɗauki naira tamanin ta yau na bayar na san wayo na yi, ba za ta sayi abin kirki ba, alhali waccan ta riƙe gida mai mutum bakwai a ranakun da babu. Na rasa yadda zan auna, sai na yanke shawarar in biya da abin da kuɗin ya saya mana.

Akwai wata mai koko a bakin layinmu da yaran nan masu buhu ke wucewa ta gabanta da sassafe. Muka yi da ita duk ranar Juma'a wanda ya zo a cikinsu ta zuba masa koko da ƙosai ta rubuta, in zo in biya. Ba ina faɗa don a yaba ba ne, ba sadakata ba ce, ta masu silallan ce, ko su waye, rayayyu da matattu. Ban san ranar da zan ce bashin ya biyu ba, ita kuma kusan duk wata sai ta ce mini gero ya tashi, wake ya tashi. Kwanan baya ma cewa ta yi in daina zuwa mata da tsabar kuɗi tana rasa canji, ta ba ni lambar asusun ɗanta in riƙa turawa ta waya.